Waƙoƙin Ossian: Jabu Ne Ko Gadon Mutanen Gelik?

"Malam, a darasin adabin Turai an ce mana waƙoƙin Ossian su ne jabu mafi girma a tarihin adabi, wai James Macpherson ne ya zauna ya ƙaga su, ya jingina wa wani makahon mawaƙi na ƙarni na 3. Sai kuma na karanta a wani wuri an ce a'a, daga bakin mutanen tsaunukan Sikotlan ya tattaro su. Wanne ne gaskiya? Kuma ta yaya masana suke gane tsohuwar waƙa jabu ce, alhali waƙar baka ba ta da takardar shaida?"

Malama, tambayarki gida biyu ce: me Macpherson ya aikata, sannan da wane ma'auni aka kama shi. Zan fara da amsa a taƙaice kafin in warware ta. Babu wani mawaƙi na ƙarni na 3 da ya tsara Fingal ko Temora, manyan waƙoƙi biyu da Macpherson ya buga da Ingilishi a ƙarni na 18 da sunan Ossian, kuma babu wata doguwar waƙar jarumta ta Gelik, wato harshen gargajiya na Ailan da tsaunukan Sikotlan, da ya samu a dunƙule ya fassara. Wannan iƙirari nasa ƙarya ne. Amma sunayen jaruman, da yawa daga cikin labaran, har ma da wasu baitoci, ba shi ya ƙirƙire su ba. Ya same su a bakin mutane da cikin tsofaffin kundaye. Tubalin na gado ne, ginin nasa ne, allon da ya kafa a ƙofar ginin shi ne jabun. Wanda ya ce miki duk ƙage ne ya zalunci mutanen Gelik, wanda kuma ya ce miki fassara ce ya rufa wa Macpherson asirin da bai kamata a rufa ba.

Abin da yake akwai tun kafin a haife shi

Mutanen Ailan da na tsaunuka da tsibiran yammacin Sikotlan sun shafe ƙarnoni suna tarayya a harshen adabi ɗaya. A cikin gadon da suka haɗa akwai labaran Fionn mac Cumhaill da rundunarsa ta mafarauta mayaƙa, wadda ake kira Fianna. Fionn yana da ɗa mai suna Oisín, wanda Macpherson ya kira Ossian, shi kuma Oisín yana da ɗa, Oscar. A al'adar waƙoƙin, Oisín ne ya yi tsawon rai har duk abokansa suka ƙare, ya tsufa, ya riski zuwan Kiristanci, yana zaune yana ba Waliyyi Patrick, mai yaɗa Kiristanci a Ailan, labarin mazan jiya, wani lokaci ma suna musu mai zafi a kan ko Fionn yana Aljanna ko yana wuta. Akwai babban littafin Ailan da aka tsara wajen shekarar 1200, Acallam na Senórach, wato hirar dattawa, wanda aka gina a kan wannan haɗuwa ta tsofaffin jarumai da Patrick.

Waƙoƙin kansu gajeru ne. Kowace tana ɗauke da labari guda: zuwan maharan teku, farautar wani gagarumin gursunu, mutuwar jarumi, budurwar da ta gudo neman mafaka. Baitocinsu 'yan ƙwar huɗu ne, galibi gaɓa 7 a kowane ɗango, da amsa-amo na ciki da na waje, kuma rera su ake yi a gidajen hira da dare. Shaidar farin jininsu tana cikin littafin farko da aka taɓa bugawa da Gelik, a 1567, inda Bishop John Carswell ya koka a gabatarwa cewa mutane sun fi son labaran Fionn a kan karatun addini. Akwai kuma kundin limamin Lismore, wanda James MacGregor da ɗan'uwansa Duncan suka rubuta a farkon rabin ƙarni na 16 a yankin Perthshire, cike da irin waɗannan waƙoƙi, da dama an jingina su ga Oisín. Ki riƙe sunan wannan kundi, za mu dawo kansa.

An haifi Macpherson a 1736 a Ruthven, cikin yankin Badenoch, inda Gelik ne harshen gida. Yana ɗan shekara 9 aka yi yaƙin Culloden a 1746, inda sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe boren da ƙabilun tsauni da dama suka mara wa baya, har da tasa ƙabilar. An ƙone gidan shugaban ƙabilarsu, Ewan Macpherson na Cluny, wanda ya yi shekara 9 a ɓoye kafin ya tsere Faransa. An ƙwace makamai, an haramta tufafin gargajiya, an karɓe ikon shari'a daga hannun shugabannin ƙabilu. Yaron da ya ga wannan da idonsa shi ne ya je Aberdeen karatun jami'a, inda ra'ayin Thomas Blackwell yake da ƙarfi, cewa Homer, mawaƙin jarumta na tsohuwar Girka, zamanin da ya rayu a ciki ne ya haifar da shi, kuma al'umma ba ta haifar babbar waƙar jarumta sai tana matakin farko na rayuwa. Duk wanda ya karanta Ossian ya ji tsoho yana kukan cewa shi kaɗai ya rage a cikin danginsa, ya san daga inda wannan baƙin ciki ya fito. Wannan ɓangare ba na jabu ba ne.

A 1759, a garin Moffat, ya haɗu da marubucin wasan kwaikwayo John Home, wanda ya roƙe shi ya fassara masa wata waƙar Gelik. Ya kawo masa wani guntu a kan mutuwar Oscar. Home ya kai wa Hugh Blair, malamin balaga a Edinbara, kuma a 1760 aka buga ɗan littafi mai gutsattsari 15. A gabatarwarsa aka nuna cewa akwai wata doguwar waƙar jarumta da ta saura a tsaunuka, in za a samu mai nemo ta. Manyan Edinbara suka haɗa kuɗi, Macpherson ya yi tafiya biyu tsakanin 1760 da farkon 1761, ya zaga Skye da Uist da Benbecula da Mull da Argyll, yana rubuta waƙa daga baki yana karɓar kundaye. Fingal, mai babi 6, ta fito a ƙarshen 1761 da shekarar 1762 a bangonta. Temora, mai babi 8, ta biyo a 1763. Ki lura da tsarin abin: an yi alkawarin doguwar waƙa, an karɓi kuɗin nemo ta, tun kafin a san ko akwai ta.

Yadda ya sarrafa kayan

Nan ne ainihin maganar, kuma mun san ta dalla-dalla saboda aikin Derick Thomson, masanin Gelik ɗan tsibirin Lewis, wanda a 1952 ya jera rubutun Macpherson gefe da gefe da waƙoƙin gargajiya, ya gano 14 ko 15 da aka yi amfani da su.

Ɗauki Fingal. Labarinta shi ne Swaran, sarkin Lochlin, ya kawo hari Ailan, Cuchullin mai riƙon ƙasa ya tare shi ya sha kashi, sai Fingal sarkin Morven ya ƙetaro teku daga Sikotlan ya ci Swaran da yaƙi, ya kama shi, ya sake shi ya koma gida da mutuncinsa. Wannan ƙashin baya daga waƙoƙi biyu ne da ba su da alaƙa da juna. Ta farko waƙar Garbh mac Stairn ce, baƙon da ya zo neman a miƙa masa wuya ya gamu da Cú Chulainn, wato Cuchullin na Macpherson. Ta biyu waƙar Manus ce, sarkin Lochlann (ƙasar da Macpherson ya kira Lochlin), wanda Fionn ya kayar a kokawa, ya ɗaure, sannan ya yafe masa. Macpherson ya narkar da Garbh da Manus suka zama mutum ɗaya, ya ɗinka farkon wannan da ƙarshen wancan, ya cusa wasu gajerun waƙoƙin a tsakiya a matsayin labaran da ake bayarwa da dare tsakanin ranakun yaƙi. Saura kuwa, jawabai da siffanta hazo da fatalwowi a kan gajimare, daga kansa ne. Temora ta fi nisa da tushe: babinta na farko ya jingina da waƙar yaƙin Gabhra da mutuwar Oscar, amma sauran babi 7 kusan duk nasa ne.

Bayan ɗinki, sai tsinta. Ya cire Patrick, domin kasancewar waliyyin zai nuna Ailan da zamanin Kiristanci, ya sa wata budurwa Malvina ta zama mai sauraron tsohon. Ya rage dodanni da tsafi da barkwanci da ɗanyen zubar da jini, waɗanda suka cika waƙoƙin asali. Jarumansa suna kuka, suna tausaya wa abokin gaba, suna girmama mata, daidai da ɗabi'ar da masu karatu na Edinbara da Landan suke so su gani. Ya mayar da Fionn ɗan Ailan ya zama Fingal sarkin Sikotlan, ya kuma rubuta a bayanansa cewa waƙoƙin da ke hannun mutanen Ailan gurɓatattun kwafi ne na baya-bayan nan. Wannan juya gaskiya ne kai ƙasa, kuma a wurina shi ne mafi munin abin da ya yi, domin ya ƙaryata ingantaccen abu don ya kare na ƙarya.

Sai siga. Bai fassara da baiti ba, ya yi amfani da zube mai kari, gajerun jumloli masu maimaita ma'ana bi-da-bi, irin salon tsohuwar fassarar Baibul ta Ingilishi. A 1753 Robert Lowth ya buga laccocinsa a kan waƙar Ibrananci inda ya bayyana wannan salo na jera ma'ana biyu masu kama da juna, don haka kunnen masu ilmi a shirye yake ya ji shi a matsayin muryar zamanin da. A ƙarshe ya yi wa aikin rawani da bayanan ƙasan shafi da doguwar muƙala ta tarihi, yana cewa Caracul na cikin waƙa shi ne Caracalla ɗan sarkin Rum, Caros kuma Carausius, wani kwamandan Rum, don a kafa Ossian a ƙarni na 3. Blair ya ƙara da tasa muƙalar a 1763 yana gwada Ossian da Homer.

Ma'aunan da ake kama jabu da su

Gaskiya ne waƙar baka ba ta da takardar shaida, amma tana barin sawu. A aikin tantance matani akwai abubuwan da nake bi da tsari, kuma labarin Ossian ya nuna amfanin kowanne da inda yake yaudara.

Abin farko a nemi asali, a kuma nemi silsilar hannayen da ya bi. Wanda ya san yadda malaman hadisi suke bin isnadi ba zai ga baƙon abu a nan ba, haka wanda ya san yadda Ibn Sallam al-Jumahi ya tuhumi Hammad al-Rawiya da ƙara baitoci a waƙoƙin Jahiliyya. Ana tambaya: wa ya rera maka, a wane gari, a wace rana, daga wa ya koya, ina takardar da ka rubuta a lokacin? Macpherson bai taɓa ba da wannan ba. Mawallafinsa Thomas Becket ya yi sanarwa a 1775 cewa an ajiye rubuce-rubucen asali a shagonsa na Landan watanni da yawa a 1762 don mai son dubawa. Sai dai ajiye kundin Gelik a shagon Landan, inda da wuya a samu mai karanta tsohon rubutun, ba ya tabbatar da cewa abin da ke ciki shi ne Fingal. Abin da ake bukata shi ne shafi da shafi, asali a hagu fassara a dama.

Na biyu shaidar masu harshe, kuma nan ne mutanen kirki suka ruɗe. A 1763 masanin falsafa David Hume ya rubuta wa Blair cewa a Landan mutane ba su yarda ba, don haka a nemo shaidu masu suna. Blair ya rubuta wa limamai da manyan tsaunuka, amsoshi suka zo cewa lallai sun san waɗannan waƙoƙi tun suna yara. Ba ƙarya suka yi ba. An karanta musu labarin da ke da Fionn da Oscar da sarkin Lochlann da aka ɗaure aka saki, suka gane shi. Kuskuren yana cikin yadda aka yi gwajin. In ka karanta wa mutum rubutunka ka ce "ka san wannan?", sunaye da ƙashin labari kawai zai gane, kuma kishin yarensa zai sa ya ce e. Hanyar da ta dace ita ce a sa shi ya rera nasa tun bai ji naka ba, a rubuta kalma da kalma, a maimaita da mutum 5 ko 10 a garuruwan da ke nesa da juna, sannan a gwada. Da aka yi haka daga baya, gajerun waƙoƙin suka yi ta fitowa a ko'ina da 'yan bambance-bambance, amma ba a samu ko mutum ɗaya da ya san doguwar Fingal ba. Abin gado yana da 'yan'uwa a warwatse. Jabu shi kaɗai yake tsayawa, ba wa ba ƙane.

Na uku saɓanin zamani. Masanin tarihin Rum Edward Gibbon ya lura cewa Caracalla laƙabi ne da aka sa wa mutumin bayan yaƙin Sikotlan na shekarun 208 zuwa 211, to ta yaya mawaƙin tsauni na lokacin zai kira shi da shi? Maharan Lochlann kuwa 'yan Sikandinebiya ne, waɗanda ba su fara kai hari waɗannan tsibirai ba sai ƙarshen ƙarni na 8. Manus na waƙar gargajiya yana ɗauke da sunan Magnus, sarkin Nowe da aka kashe a arewacin Ailan a 1103, don haka waƙar da aka gina rabin Fingal a kanta ba za ta girmi ƙarni na 12 ba. Masanan Ailan irin su Charles O'Conor da Sylvester O'Halloran sun nuna wani abin tun a shekarun 1760: a tsofaffin littattafansu Cú Chulainn da Fionn jaruman zamani biyu ne daban, da ƙarnoni a tsakaninsu, kowanne da jerin labaransa. A nan sai an yi hattara, domin bakin jama'a ma yakan gauraya jarumai. Saɓanin zamani yana rushe iƙirarin ƙarni na 3, amma shi kaɗai ba ya nuna wanda ya yi gaurayen.

Na huɗu sawun karatun marubuci. A 1805 Malcolm Laing, lauya kuma masanin tarihi, ya sake buga waƙoƙin da bayanai a ƙasan kowane shafi yana nuna inda aka ɗauko daga Homer da Virgil da Milton da Baibul, har da waƙoƙin Ingilishi da Macpherson ya rubuta yana saurayi. Ya kama abubuwa na gaske masu yawa. Amma ya wuce gona da iri, duk inda aka kamanta jarumi da guguwa ko dutse sai ya ce sata ce, alhali wannan kamance na kowace al'umma ne. Ƙa'idar da nake bi ita ce kamance guda ba hujja ba ne. Hujja ita ce jerin kalmomi iri ɗaya, a tsari iri ɗaya, daga littafin da aka san marubucin ya karanta.

Na biyar, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne harshen kansa. Gelik na ƙarni na 3 ya girmi duk wani rubutun Gelik da ya iso gare mu. Ko na ƙarni na 8, wanda ake samu a gefen littattafan sufaye, mai magana da Gelik na zamanin Macpherson ba zai fahimce shi ba sai da karatu na musamman. 'Yan tsauni mazauna Indiya sun tara kusan fam 1,000 don a buga asalin, Macpherson ya yi ta jan ƙafa har ya rasu a 1796. A 1807 ƙungiyar 'yan tsauni ta Landan ta buga "asalin" Gelik a mujalladi 3 daga takardun da ya bari. Da masana harshen suka duba, sai suka ga Gelik ne na zamani, ba ya bin ma'aunin gaɓa da amsa-amon tsofaffin waƙoƙi, kuma ginin jumlolinsa yana bin Ingilishi sau da ƙafa. An mayar da Ingilishin ne zuwa Gelik. Mai jin harsuna biyu ya san wannan alama: ka ji Hausa, kalmominta duk na Hausa, amma ka san ba da Hausa aka yi tunaninta ba. Wannan bugu na 1807 shi ne jabu tsantsa a duk labarin.

Inda masu suka suka yi kuskure

Samuel Johnson, shahararren marubucin Ingila, shi ne babban abokin hamayya. Ya zaga tsibiran a 1773, ya buga littafin tafiyarsa a 1775, ya ce waƙoƙin ba su taɓa wanzuwa a wata siga ba sai wadda aka gani. Macpherson ya aika masa da barazana, Johnson ya mayar da amsa cewa barazanar ɗan iska ba za ta hana shi tona abin da yake ganin zamba ne ba, ya kuma tanadi ƙatuwar sanda. A kan Fingal ya yi daidai. Amma ya ƙara da cewa babu rubutun Gelik na Sikotlan da ya kai shekara 100, kuma harshen na mutanen da ba su waye ba ne. Johnson bai ji Gelik ba. A daidai lokacin da yake wannan magana, kundin limamin Lismore mai shekara fiye da 200 yana cikin kayan da Macpherson ya tattaro, kuma ta hannunsa ne ya tsira har ya isa ɗakin karatu na ƙasa a Edinbara inda yake a yau. Abin takaici, shaidar da za ta karya maganar Johnson ita ce kuma za ta tona Macpherson, domin gajerun waƙoƙi ne a ciki, da Patrick da Ailan da komai. Ga dukkan alamu wannan na cikin dalilan da suka hana shi fito da ita.

Hukuncin da ya fi adalci a wancan zamani shi ne na kwamitin ƙungiyar 'yan tsauni ta Sikotlan ƙarƙashin Henry Mackenzie, wanda ya aika tambayoyi ko'ina ya fitar da rahoto a 1805. Sun ce waƙoƙin Ossian na gargajiya suna nan da yawa kuma masu kyau, amma ba su samu ko ɗaya da ta dace da abin da Macpherson ya buga a suna da zubi ba, kuma ya saba cike giɓi, da haɗa abin da ke rabe, da ƙara abin da yake ganin zai ɗaukaka waƙar. Binciken shekara 200 da ya biyo baya bai rushe wannan ba, ya dai cika shi da hujjoji. John Francis Campbell na Islay ya buga tarin ingantattun waƙoƙin a 1872 da sunan Leabhar na Féinne, kowace da bayanin inda aka samo ta, har mai karatu ya iya gwadawa da kansa.

To me ya sa Turai ta rungumi Ossian haka? Domin ya ba ta abin da take ƙishirwa: Homer na arewa, marar gumakan Girka, mai hazo da kaɗaici da hawaye. Cesarotti ya fassara shi zuwa Italiyanci a 1763, Michael Denis zuwa Jamusanci a ƙarshen shekarun 1760, Le Tourneur zuwa Faransanci a 1777. Goethe ya sa dogon yanki nasa a littafin Werther na 1774. Napoleon ya ƙaunace shi, Thomas Jefferson ya rubuta wasiƙa a 1773 yana neman kwafin Gelik ɗin. Sunan Oscar ya shiga gidan sarautar Suwidin ta wannan hanya, garin Selma na Alabama ma daga nan ya samo suna.

Jabu ne ko a'a?

Kalmar jabu tana rufe abubuwa daban-daban, kuma gwada shi da takwarorinsa zai taimaka miki. Thomas Chatterton, wanda ya rasu a 1770 yana ɗan shekara 17, ya ƙirƙiri wani limami na ƙarni na 15 da waƙoƙinsa daga babu. Iolo Morganwg na Wales ya tsara waƙoƙi ya cusa su cikin diwanin tsohon mawaƙin Wales Dafydd ap Gwilym da aka buga a 1789, ba a warware su sosai ba sai a ƙarni na 20. Kundayen harshen Cek da Václav Hanka ya fito da na farkonsu a 1817 an yi su ne a kan fata da tawada don su yi kama da tsofaffi, sai a 1886 wasu masanan ƙasar, Masaryk da Gebauer, suka tsaya tsayin daka a kan tona su. A ɗaya gefen akwai Elias Lönnrot na Finlan, wanda ya yi kusan irin aikin Macpherson: ya tattaro gajerun waƙoƙi ya ɗinka su suka zama Kalevala a 1835, ya faɗaɗa ta a 1849. Ba a kiransa maƙaryaci, saboda ya buga da harshen da aka rera su, bai ɓoye cewa shi ya jera su ba, kuma littattafan da ya rubuta a fili suna nan ana iya bin ɗango-ɗango a ga wanda ya fito daga mawaƙi da wanda ya fito daga alƙalaminsa.

Macpherson yana tsakanin waɗannan. Da ya rubuta a bango cewa waƙoƙi ne da ya tsara bisa gadon mutanensa, da babu laifi ko kaɗan, kuma da an lissafa shi cikin manyan masu sabon salo na ƙarninsa. Masu kare shi suna cewa a zamanin fassara tana da faɗi, mai fassara yakan gyara ya ƙawata. Haka ne, kuma uzurin yana iya rufe gutsattsarin 1760, har da wani ɓangare na Fingal. Ba ya rufe Temora, ba ya rufe ƙaryata waƙoƙin Ailan, ba ya rufe Gelik ɗin da aka ƙera daga baya don ya zama asali. Ni ina kiran iƙirarin jabu, ina kiran rubutun sabon adabi mai tushe a gargajiya, kuma ina ganin ɗalibi ya kamata ya rubuta duka biyun a amsarsa.

Akwai iyakar da hujja ba ta ƙetarewa. Hanyar Thomson tana kama abin da ke da ɗan'uwa a wani kundi ko a bakin wani mawaƙi da aka rubuta. Idan Macpherson ya ji wata waƙa a Uist a 1760 wadda ta mutu tare da mai rera ta, ba za ta fito a wannan ma'auni ba, don haka 14 ko 15 ɗin nan mafi ƙaranci ne. Haka kuma ya yi aiki da mataimaka, irin su Lachlan Macpherson na Strathmashie, kuma rabon kowa a cikin Gelik ɗin da aka ƙera abu ne da masana suka saɓa a kai. Niyyar zuciyarsa ma, ko ya gaskata cewa yana maido da wata doguwar waƙa ce da zamani ya farfasa, takardu ba sa yanke hukunci a kanta. Blair dai ya gaskata hakan har ƙarshen rayuwarsa.

In kina son ki gani da idonki, ki ɗauki babin farko na Temora ki ajiye kusa da fassarar waƙar yaƙin Gabhra daga tarin Campbell, ki ja layi a ƙarƙashin duk abin da suka yi tarayya a kai: gayyatar Oscar zuwa liyafa, rigimar mashi, faɗuwarsa, kukan kakansa a kansa. Sannan ki duba abin da ya rage ba layi a kowane gefe. Bayan haka ki nemi sautin da cibiyar nazarin al'adun Sikotlan ta jami'ar Edinbara, wadda aka kafa a 1951, ta naɗa a tsibiran yamma, inda aka samu tsofaffi maza da mata suna rera waƙoƙin Fionn da karinsu, kusan shekara 200 bayan Macpherson ya bi ta garuruwan da alƙalaminsa.